Ƙwallon kwando: Burinmu a kan Kano Pillars, da irin ɗan wasan da muke so ya sa rigarta

A Daura, kamar kowane gari a Arewa, idan aka ce "ƙwallo" to ta ƙafa ake nufi. Ranar Asabar gidajen kallo a cike suke, musu kuma ba ya wuce na Madrid da Barcelona, ko Arsenal da Manchester United. Amma akwai wani rukuni na matasa da ba a cika jin muryarsu ba, su ne 'yan ƙwallon kwando. Su ne masu saita ƙararrawar waya ƙarfe ɗaya da rabi na dare, saboda a lokacin ne ake fara yawancin wasannin NBA na gabashin Amurka. Idan kuwa wasan na yammacin ƙasar ne, to sai wajen ƙarfe huɗu, ana gab da kiran assalatu. Wanda datarsa ba ta kai ba, sai ya haƙura da gajerun bidiyo a TikTok da Instagram da safe.

Ni ma cikin wannan rukuni nake. Kuma duk wanda ya daɗe a cikinmu ya san akwai wata tambaya da ke ci mana tuwo a ƙwarya: har yaushe za mu yi ta hana idonmu barci saboda kulob ɗin da ke wata nahiya, alhali ga namu nan kusa, tafiyar kamar awa biyu ta hanyar Kazaure? Kano Pillars ta ƙwallon kwando nake nufi. Burina a kanta guda biyu ne. Na farko, in ga ta dawo kan ganiyarta har ta shiga gasar BAL ta Afirka. Na biyu, wanda ya fi na farkon wuya, in ga ta dawo da 'yan wasan da uba zai iya nuna wa ɗansa ya ce "yi koyi da wancan". Wannan na biyun shi ne ainihin maganar yau.

Pillars ɗin da wasunmu ba su riska ba

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi idan suka ji "Sai Masu Gida" hankalinsu kan Pillars ta ƙwallon ƙafa yake tafiya. Ba laifinsu ba ne. Sai dai ya kamata a sani cewa takwararta ta kwando tana cikin kulob-kulob mafi yawan kofuna a tarihin gasar Firimiya ta ƙwallon kwando a Najeriya. Ta lashe gasar sau da dama, ciki har da 2016 da 2017 a jere. A shekarar 2016 ɗin kuma ta je birnin Alƙahira gasar zakarun kulob-kulob na Afirka ta dawo da matsayi na uku, a gasar da Al Ahly ta Masar ta ɗauki kofi. Wanda ya san yadda kulob-kulob ɗin Masar da Angola da Tunisiya suke da kuɗi da kayan aiki, ya san wannan tagulla ba a banza aka same ta ba.

A wancan zamani, ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wuri ne da baƙi ke shakkar zuwa. Sunaye irin su koci Sani Ahmed, wanda ya taɓa jan ragamar tawagar ƙasa, da Abubakar Usman, kyaftin ɗin da ya shafe shekaru yana sanye da rigar kulob ɗin har ya buga wa D'Tigers, sunaye ne da duk mai bin wasan a Najeriya ya sani. Ba Pillars kaɗai ba ce a Arewa. Rukunin Savannah na gasar ya ƙunshi irin su Gombe Bulls da Bauchi Nets da Niger Potters da Plateau Peaks da Kada Stars. Wato dai Arewa ba 'yar kallo ba ce a wannan wasa.

To, sai duniyar ta juya. A 2021 aka fara gasar BAL a Kigali, babban birnin Ruwanda, haɗin gwiwa tsakanin NBA da hukumar FIBA. Zamalek ta Masar ta fara ɗauka, US Monastir ta Tunisiya ta karɓa a 2022, Al Ahly a 2023, Petro de Luanda ta Angola a 2024, sai Al Ahli Tripoli ta Libiya a 2025. Najeriya kuwa, Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons ta Ilori ne suka wakilce ta a waɗannan shekaru, har Hoopers ta zo ta uku a 2024. Har zuwa kakar 2025, Pillars ba ta taɓa taka wannan dandali ba. Gasar da ake haskawa a ƙasashe da yawa, wadda masu farautar 'yan wasa daga Amurka da Turai ke zuwa kallo, ta zo daidai lokacin da tauraruwar kulob ɗinmu ta dusashe. Abin da ciwo, wallahi.

Faɗan manya, wahalar yara

Kafin mu ɗora wa 'yan wasa nauyin kyawun hali, adalci ne mu fara da manyan da ke riƙe da wasan. A watan Yunin 2017 an yi zaɓen shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, har sau biyu cikin kwana biyu: ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Kowane ɓangare ya ce shi ne halastacce. Daga nan gasar cikin gida ta shiga halin yau-akwai-gobe-babu, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya, 'yan wasan da ba su da wata sana'a suka zauna a gida.

A farkon 2022 aka maimaita irin haka, zaɓe ɗaya a Benin, ɗaya a Abuja. Cikin watan Mayun shekarar, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garinmu, ta sanar da janye Najeriya daga duk wasannin ƙwallon kwando na duniya har shekara biyu, da nufin a gyara gida. An janye matakin bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama: 'yan matan D'Tigress sun rasa gurbin da suka sha wuya suka samu a gasar cin kofin duniya da aka yi a Ostireliya, aka miƙa shi ga Mali. Su da ba su tsaya takara ba, ba su kaɗa ƙuri'a ba, su suka biya kuɗin sabulu.

Abin mamakin shi ne duk da wannan ruɗani, baiwar ba ta ɓoyu ba. D'Tigers ta ci kofin Afirka a 2015 a Tunisiya bayan ta doke Angola 74 da 65. A watan Yulin 2021 ta lallasa Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas, ƙasar da ta yi mana 156 da 73 a gasar Olamfik ta Landan a 2012. D'Tigress kuwa ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, sannan a Olamfik ɗin Faris ta 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kwata fainal. Sai dai mafi yawan waɗannan taurari a waje suka tashi ko a waje suke wasa. Yaron da ke Daura ko Zango ko Ɓaure ba shi da wannan gata. Tsaninsa shi ne kulob ɗin gida, idan tsanin ya karye, shi ke nan.

Madubi na farko: Hakeem

Idan ana maganar hali a ƙwallon kwando, ba sai mun je aro ba, muna da namu. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963. Gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan wasan ƙwallon hannu, bai fara kwando ba sai yana ɗan shekara 15. Abin da zai ba ku sha'awa, gasarsa ta farko a Sakkwato ya buga ta, a wani taron wasanni na kwalejojin horar da malamai. Daga nan sai Jami'ar Houston, sai NBA, inda Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko a 1984, shekarar da aka ɗauki Michael Jordan a na uku.

Abin da gajerun bidiyo ba sa nuna muku shi ne, a shekarunsa na farko Hakeem mutum ne mai zafin kai. Ya yi faɗa a fili, ya sha tara, ya yi ta sa-in-sa da alƙalan wasa. Daga baya ya koma ya riƙe addininsa da gaske, a 1991 ma ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Waɗanda suka yi wasa tare da shi sun shaida yadda ya zama mai natsuwa da haƙuri. Kuma duba abin da ya biyo baya: kofin NBA a 1994 da 1995. A kakar 1994 shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon masu tsaron gida, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, duk a shekara ɗaya. Har yau ba wanda ya kamo shi a yawan tare ƙwallo a tarihin NBA, guda 3,830. A watan Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan wata.

Akwai kuma labarin takalmi. A lokacin da takalman taurarin NBA suka zama abin da yaran talakawa ke sata ko faɗa a kai saboda tsada, Hakeem ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Spalding aka fitar da takalmi mai sunansa a kan kusan dala 35, don uwa mai 'ya'ya da yawa ta iya saya. Ya san zai fi samun kuɗi a wani wurin, ya zaɓi wannan. Shi ya sa ba mamaki kofin gwarzon ɗan wasan BAL sunansa aka sa masa. Na gwarzon mai tsaron gida kuma sunan marigayi Dikembe Mutombo, wanda ya gina asibiti a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, aka buɗe a 2007. Na ɗan wasa mafi ladabi a fili kuwa sunan marigayi Manute Bol na Sudan ta Kudu.

Darasin Hakeem a wurina shi ne, karin maganar nan ta "hali zanen dutse" ba hujjar zama cikin mugun hali ba ce. Mutum yana iya gyaruwa, kuma gyaruwar ba ta rage masa kaifi a fili. Shi dai ƙara masa ta yi.

Madubi na biyu: waya da caca

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, kuma wannan ya fi kusa da rayuwarmu ta yau. Ja Morant na Memphis Grizzlies yaro ne da Allah ya yi wa baiwar da ba a cika gani ba. Zaɓi na biyu a 2019, gwarzon sababbin 'yan wasa a 2020, kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 200 a hannu. A watan Maris na 2023 ya kunna Instagram kai-tsaye a wani gidan rawa yana nuna bindiga. NBA ta dakatar da shi wasa 8. Ya ba da haƙuri, kowa ya ce ya ji a jikinsa. Bayan wata biyu kacal sai ga wani bidiyon, shi da bindiga a cikin mota. A wannan karon wasa 25 aka dakatar da shi, ba albashi. Ba abokin hamayya ne ya kayar da shi ba, ba rauni ba ne, wayar da ke hannunsa ce da abokan da ke zuga shi.

Na Jontay Porter ya fi muni. Ɗan wasan Toronto Raptors ne da ke fafutukar samun gindin zama. Binciken NBA ya gano yana ba masu caca bayanan lafiyarsa, yana fita daga wasa da wuri da gangan don cacar wasu ta ci, kuma shi kansa yana caca a kan wasannin gasar. A watan Afrilun 2024 aka kore shi daga NBA har abada, daga baya ya amsa laifi a gaban kotu.

Kada wani ya ce wannan matsalar Amurkawa ce. Mu faɗa wa juna gaskiya: manhajar caca tana cikin wayoyin abokanmu da yawa, wasu ma kallon wasan ba ya yi musu daɗi sai sun sa kuɗi. Yanzu ka ɗauki ɗan wasan gida wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga shi an yi watanni ba a biya ba, sai wani ya turo masa saƙo cewa ya zubar da jifa biyu a ba shi abin da ya fi albashinsa. Me zai hana shi? Ba kyamara, ba bincike irin na NBA. Abin da zai tsare shi kawai tarbiyyarsa ce, da kuma kulob ɗin da bai bar shi da yunwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ake nufi da hali a cikin fili?

Wasu suna ɗauka idan an ce ɗan wasa mai hali, ana nufin salihi, mai sunkuyar da kai, wanda ba ya ɗaga murya. Ba haka ba ne. Kevin Garnett da Kobe Bryant ba salihai ba ne a fili, amma ba wanda ya taɓa zarginsu da ha'inci a wurin atisaye. Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15. Ba wurin ɓuya. A ƙwallon ƙafa mutum ɗaya cikin sha ɗaya zai iya yin lamɓo na minti goma ba a lura ba. A nan kuwa, daƙiƙa 24 kawai ake da su a kai hari, kuma idan mutum ɗaya ya ƙi komawa tsaron gida, nan take maki biyu ko uku sun hau kanku. Laifi biyar a dokar FIBA, ka koma benci, ba kai ba dawowa. Don haka mai saurin fushi nauyi ne a kan abokansa, komai iyawarsa.

Tun 1974 wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazari a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, inda ya lissafo siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci da adalci. Kowannensu yana da fassara a cikin fili. Ga abin da nake fata masu riƙe da Pillars su duba kafin su ba kowa riga.

Gaskiya, tun daga takardar haihuwa. Rage shekaru cuta ce da ta daɗe tana cin wasannin Afirka. Ɗan shekara 24 da ya shiga gasar 'yan ƙasa da 18 ya ci kofi, amma ya danne haƙƙin yaro na gaske, kuma ya ja wa duk wanda zai fito daga ƙasar zargi. Kulob ɗin da ke son masu farauta daga waje su yarda da shi, dole takardunsa su zama abin dogaro.

Amana, wato yin aikin da ba ya shiga bidiyo. Kowa yana son ya yi tsalle ya dangwara ƙwallo cikin kwando a yi ihu. Amma wa zai tare hanya don abokinsa ya samu sarari? Wa zai faɗi ƙasa a kan ƙwallon da ta kuɓuce? Tim Duncan ya yi shekara 19 a San Antonio Spurs, kofi biyar, kuma da wuya ka ga bidiyonsa yana yawo. Ka tambayi duk wani koci wa zai fara ɗauka.

Haƙuri da benci. A kowane kulob akwai wanda zai zauna wasa uku bai shiga ba. Yadda yake zama a bencin, yana tafa wa abokansa ko yana kumbure-kumbure yana kai ƙorafi Facebook, shi ke nuna ko wane ne shi.

Ladabi ga alƙalin wasa, ko da ya yi kuskure. Za su yi kuskure, a gasar gida ma fiye da ko'ina. Kyaftin ya je ya yi magana, saura su koma tsaron gida.

Sai kuma tuna baya. Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da suka yi hijira zuwa Girka, ya yi tallar tabarau da agogo a titunan Atina, har takalmin wasa ɗaya suke karɓa-karɓa da yayansa Thanasis. Ya zama gwarzon NBA a 2019 da 2020, ya ci maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee Bucks kofi a 2021, amma har yau idan ya buɗe baki sai ya ambaci iyayensa da inda ya fito.

Sai dai fa kada mu yi son kai. Kulob ɗin da ke neman amana daga ɗan wasa dole shi ma ya riƙe amana: albashi a kan lokaci, magani idan an ji rauni, kwantiragi a rubuce, da damar ci gaba da karatu. Ko 'yan D'Tigress, duk da kofunan da suka ɗauko, sai da suka fito a bidiyo a 2021 suna kukan alawus ɗin da ba a biya su ba. Idan haka ta faru da zakarun Afirka, ka ƙiyasta halin yaron da ba wanda ya san sunansa.

Mu kuma 'yan kallo fa?

Yana da sauƙi mu zauna muna auna halin 'yan wasa, mu manta da namu. Mutanen Katsina da Kano ba za su manta da Afrilun 2022 ba, lokacin da wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya watse da tarzoma, aka farfasa motar baƙi. An ci tarar Pillars, an rage mata maki, kuma a ƙarshen kakar duka kulob biyun suka faɗa rukuni na ƙasa. Wa ya ci riba? A Amurka ma, a watan Nuwamban 2004, kofin abin sha da wani ɗan kallo ya jefa wa Ron Artest a wasan Detroit da Indiana shi ya haddasa ɗaya daga cikin faɗa mafi muni a tarihin NBA, Artest ya rasa wasa 86.

A ɗakin ƙwallon kwando tsakanin ɗan kallo da ɗan wasa taku biyu ne. Duk abin da ka faɗa yana jin ka. A soshiyal midiya kuma ko takun babu. Yaro ya zubar da jifa ɗaya, kafin ya cire takalmi an cika masa akwatin saƙo da zagin iyaye. Masu ɗaukar nauyin gasa suna kallon wannan. Ba kamfanin da zai manna sunansa a ɗakin da ake jifa da robar ruwa, ba uban da zai kawo 'yarsa kallo a wurin da ashar ke tashi. Idan muna son Pillars ta je Kigali, mu ma akwai atisayen da ya kamata mu yi.

Daga Zariya zuwa Toronto, me zai hana Daura?

Duk wanda ke ganin wannan buri ya yi girma, ya karanta tarihin Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, a can ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, a garin da koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru da dama a Jami'ar Ahmadu Bello, ya raini 'yan wasa bila adadin. Masai bai taɓa buga NBA ba. Da ya daina wasa, aikin farautar 'yan wasa ya fara yi wa Orlando Magic ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiyarsa da kansa. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugaban kulob a NBA yana Denver Nuggets, a 2019 kuma Toronto Raptors da ya haɗa ta ɗauki kofinta na farko. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, wadda ke shirya sansanonin horo tana kuma gina filaye a ƙasashen Afirka, da burin kaiwa guda 100. A sansanonin nan ba jifa kaɗai ake koyarwa ba, har da riƙon gaskiya, kiyaye lokaci da mutunta mata.

Daura tana da abin da za a fara da shi. Masarauta ce mai ƙananan hukumomi biyar: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Ɓaure. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ga kwalejin Yusuf Bala Usman, ga makarantun sakandare a ko'ina. Ga iyakar Kongolam kusa, wadda za ta sa wasan sada zumunta da matasan Nijar ya zama abu mai sauƙi. Kuma wasan ba ya cin fili. Nau'in 'yan uku-uku, wanda ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo, rabin fili yake buƙata da kwando ɗaya mai tsayin mita 3.05. Minti goma ake yi, ko wanda ya riga kai maki 21. Daɓen siminti, ƙarfe ɗaya, allo ɗaya, ƙwallo biyu, an gama.

Abin da ya rage shi ne tsari. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai za su iya gyara filin makarantarsu maimakon a ƙare a taron cin abinci. 'Yan siyasar da ke raba kofin ƙwallon ƙafa duk kakar zaɓe za su iya ware ɗaya don kwando. Ana iya sa gasar ƙananan hukumomin biyar a makon Sallar Gani, lokacin da gari ke cike da baƙi, a gayyaci masu horarwa daga Kano da Zariya su zo su gani da idonsu. A kuma ba 'yan mata lokacinsu da filinsu. Tun 2017 FIBA ta amince a yi wasa da ɗankwali ko hijabi, don haka maganar sutura ba ta zama shinge ba.

Kuma tun ranar farko a kafa doka: wanda ya rage shekaru ba ya wasa, wanda ya zagi alƙali ya huta wasa biyu, wanda ya bar aji ya bar fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba koci a Kano da zai iya gyara a wata shida abin da aka bari ya lalace shekara goma.

Ga masu riƙe da Kano Pillars, saƙon magoya bayanku na wannan yanki gajere ne: ku biya yaran nan haƙƙinsu, ku riƙa sanar da ranakun wasa a shafukanku da wuri, ku fito da wasannin a intanet ko da waya ɗaya ce, ku kuma leƙo garuruwan da ke kewaye da ku neman 'yan wasa. Ga abokaina masu raba dare kuwa, a kakar da ke tafe mu haɗa kuɗin mota ko sau ɗaya ne mu je Ƙofar Mata mu cika kujeru. Wanda ke da ƙane ko ƙanwa mai tsayi, ya taho da su.